Yadda kunne ke aiki da matsalolin da ke janyo kurumta

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa mutane fiye da biliyan 1.5 ne a duniya ke da wata matsala ta ji, kuma miliyan 430 daga cikinsu matsalar ta yi tsananin da suke buƙatar taimakon likita ko na'ura.

A rahoton da ta fitar a watan Maris na shekarar 2021, hukumar ta ce kimanin kashi 60 cikin 100 na kurumtar da ke samun yara ƙanana, ana iya kauce mata ta hanyar rigakafi, da kula da masu juna biyu, da kuma magance ciwon kunne da wuri.

A unguwanni masu cunkoson jama'a irin su Unguwar Mu'azu da Tudun Wada a Kaduna, akasarin abubuwan da ke lalata ji suna cikin rayuwar yau da kullum. Akwai injin niƙa da janareto, akwai lasifikar biki, akwai yaron da kunnensa ya daɗe yana ruwa, akwai kuma allurar da ake yi a kemis ba tare da takardar likita ba.

Sai dai kuma mazauna birnin suna da wata dama da ba kowa ke da ita ba, domin a Kaduna ne Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa take, wadda gwamnatin tarayyar Najeriya ta kafa a shekarar 1999.

Sassan kunne uku

Abin da ake kira sauti dai girgiza ce da ke tafiya cikin iska, da gudun kimanin mita 340 a sakan guda. Aikin kunne shi ne ya kama wannan girgiza, ya mayar da ita saƙon da ƙwaƙwalwa za ta fahimta. Masana sun kasa kunne kashi uku: na waje, da na tsakiya, da na can ciki.

Kunnen waje ya ƙunshi fatar da ake gani a gefen kai, da kuma ramin kunne mai tsawon kimanin santimita 2 da rabi. Fatar tana tattaro sauti ta zuba shi cikin ramin, kamar yadda mazurari ke tattara ruwa. A ƙarshen ramin ne dodon kunne yake, wato wani siririn tantani da faɗinsa bai wuce santimita 1 ba, wanda ke kaɗawa duk lokacin da sauti ya taɓa shi, tamkar fatar ganga.

Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai cike da iska, shi ne kunnen tsakiya. A cikinsa akwai ƙasusuwa uku da ke sarƙe da juna, waɗanda aka raɗa wa suna saboda kamanninsu: guduma, da maƙera, da likkafa. Likkafar ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonta kimanin milimita 3 ne, wato ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.

Waɗannan ƙasusuwa suna karɓar girgizar daga dodon kunne su miƙa ta ciki, kuma a kan hanya ƙarfin matsinta yana ninkuwa kusan sau 20. Ana buƙatar wannan ƙari ne saboda kunnen ciki cike yake da ruwa, kuma motsa ruwa ya fi motsa iska wuya.

Kazalika akwai wani siririn bututu da ya haɗa kunnen tsakiya da bayan hanci. Shi ke daidaita iskar da ke ciki da ta waje, shi ya sa kunnen matafiyi kan toshe idan jirgin sama zai sauka, ya kuma buɗe idan ya haɗiyi yawu ko ya yi hamma. Ta wannan bututu ne kuma ƙwayoyin cutar mura kan haura zuwa kunne.

Kunnen ciki kuwa yana binne ne cikin ƙashin kai. Muhimmin abin da ke cikinsa wani bututu ne da ya naɗe kamar katantanwa, naɗi biyu da rabi da ɗoriya, wanda likitoci ke kira kokiliya. A jikinsa akwai wasu ƙwayoyin halitta kimanin 15,000 masu ɗauke da 'yan siraran gasu a kansu. Idan likkafa ta tura ruwan da ke ciki, gasun sai su lanƙwasa, su haifar da saƙon lantarki, jijiyar ji kuma ta kai shi ƙwaƙwalwa.

Kowane yanki na katantanwar da irin sautin da yake kamawa. Bakinta na kama siririn sauti irin na usur, ƙuryarta kuma na kama kakkaura irin na tambari. Wani masani ɗan asalin ƙasar Hangare, Georg von Békésy, shi ne ya gano hakan, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 1961.

Abu mafi muhimmanci game da waɗannan ƙwayoyi masu gashi shi ne, da su ake haihuwar mutum, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Wannan ne dalilin da ya sa kurumtar da ta samo asali daga kunnen ciki ba kasafai take warkewa ba.

A maƙwabtaka da katantanwar akwai wasu bututai uku masu siffar baka, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda kai ke juyawa. Su ke taimaka wa mutum ya tsaya daram. Shi ya sa wasu cututtukan kunne kan zo da jiri da hajijiya da amai.

Yadda ake auna ƙara

Matashi mai lafiyayyen kunne yana iya jin sautin da ke girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan guda. Ƙarfin sauti kuwa ana auna shi ne da wani ma'auni da ake kira desibel.

Raɗa ba ta wuce desibel 30 ba. Hira tsakanin mutum biyu kimanin 60 ce. Titi mai yawan motoci yakan kai 80 zuwa 85, babur na kusa da mutum kimanin 95, ƙarar bindiga kuwa takan kai 140 ko fiye.

A ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka fi amfani da ita, bai kamata mutum ya wuce awa 8 a rana cikin ƙarar da ta kai desibel 85 ba. Duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin gida biyu: awa 4 a 88, awa 2 a 91, sannan minti 15 kacal a desibel 100.

Wanda ba shi da na'urar awo yana da hanya mai sauƙi. Idan har sai ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya daga gare shi ya ji maganarsa, to ƙarar wurin ta kai matakin yin illa.

Kurumta iri biyu ce

Likitoci sun bambanta tsakanin matsalar da ke hana sauti isa kunnen ciki, da kuma wadda ta shafi kunnen cikin kansa ko jijiyarsa.

Ta farko takan faru ne idan datti ya toshe rami, ko dodon kunne ya huje, ko ruwa ya taru a kunnen tsakiya, ko ƙasusuwan nan uku suka daskare. Mai irin wannan yana jin komai ƙasa-ƙasa, kamar an sa masa auduga. Galibi ana iya gyara ta da magani ko tiyata.

Ta biyu kuwa ita ce wadda tsufa, da ƙara, da sanƙarau, da wasu magunguna ke haddasawa. Mai ita yakan ce yana jin ana magana amma ba ya gane abin da ake faɗa, musamman cikin taro. Akwai kuma waɗanda ke haɗa duka biyun.

Dattin kunne da al'adar sosawa

Abin da ake kira dattin kunne ba ƙazanta ba ce kamar yadda aka ɗauka. Wani maiƙo ne da fatar ramin ke fitarwa domin ya kama ƙura, ya hana fatar bushewa, ya kuma rage yaɗuwar ƙwayoyin cuta. Fatar ramin tana tafiya a hankali daga ciki zuwa waje, tana ɗauke da shi, ta yadda kunne ke share kansa da kansa.

Tsinken ashana, da gashin kaza, da murfin biro, da makulli, da ma tsinken nan mai auduga a kai da ake sayarwa a shaguna, duk suna tura dattin ciki ne ya dunƙule. Sukan kuma yi wa fatar rauni, ƙwayoyin cuta su shiga, ramin ya kumbura ya yi ciwo. Lokacin damina, saboda laima, wani nau'in fumfuna kan kama ramin, ya haddasa ƙaiƙayi mai tsanani. A wasu lokuta tsinken kan huda dodon kunne, musamman idan wani ya bangaji mai sosawar.

Shawarar likitoci ita ce a goge wajen kunne kawai da tsumma mai tsabta. Idan datti ya toshe shi, ma'aikacin lafiya na iya tausasa shi da maganin ɗigawa sannan ya wanke ko ya zuƙo shi.

Yara kuma sukan cusa wake, ko masara, ko dutsen ado a kunne. Ƙoƙarin zaƙulo abin a gida yakan ƙara tura shi ciki, kuma zuba ruwa yana kumbura ƙwayar hatsi. Ƙaramin batiri irin na agogo ya fi kowanne haɗari, domin yana iya ƙona naman kunne cikin 'yan sa'o'i.

Mari a kan kunne ma yana iya fasa dodon kunne, saboda iskar da tafin hannu ke turawa da ƙarfi. Akasarin irin wannan huji yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni, muddin ba a bar ruwa ya shiga ba, ba a kuma ɗiga komai a ciki ba.

Ciwon kunne a yara

Ciwon kunnen tsakiya na daga cikin cututtukan da suka fi damun yara 'yan ƙasa da shekara 5. Dalili kuwa shi ne bututun da ya haɗa kunnensu da hanci gajere ne kuma a kwance yake, don haka mura ba ta da wuyar haurawa. Yakan yi yawa a lokacin hunturu, sa'ad da mura da tari suka yawaita.

Yaron yakan yi zazzaɓi, ya riƙa kuka da dare yana jan kunnensa, ya ƙi cin abinci. Idan mugunya ta taru, takan fasa dodon kunne ta fito. A nan ne iyaye da dama kan yi kuskure, domin da zarar ruwan ya fito zafin yakan lafa, sai a ɗauka yaro ya warke.

A tsarin kula da cututtukan yara na WHO, kunnen da ya kai kwana 14 yana fitar da mugunya ya zama daɗaɗɗen ciwo. Ana koya wa uwa ta murɗa tsumma mai tsabta kamar lagwani ta riƙa tsane ruwan sau uku a rana, sannan a ɗiga maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta. Kumburi mai zafi a bayan kunne kuwa alama ce ta cewa ciwon ya shiga ƙashi, kuma dole ne a garzaya asibiti, domin daga nan yana iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa.

Ɗiga man ja, ko ruwan ganye, ko nonon uwa a kunnen da ke ruwa yana da haɗari, tun da dodon kunnen a huje yake, kuma duk abin da aka zuba kai tsaye yake wucewa ciki.

Akwai kuma wani nau'in da ba ya zuwa da zafi ko zazzaɓi. Ruwa mai kauri ne ke taruwa a bayan dodon kunne ya yi watanni. Yaron ba ya kukan komai, illa dai ba ya amsa kira sai an maimaita, yana matsawa kusa da talabijin, karatunsa kuma yana ja da baya. Irin waɗannan yara ne sau da yawa ake yi wa kallon masu kunnen ƙashi, a gida da makarantar boko da ta allo, har a hukunta su kan laifin da ba nasu ba.

Shayar da jariri nonon uwa zalla na watanni 6 yana rage yawan ciwon kunne. Hayaƙin taba da na itacen girki a rufaffen wuri kuwa yana ƙara shi, haka ma ba jariri bulumboti yana kwance.

Sanƙarau, ƙyanda da zazzaɓin Lassa

Arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar suna cikin yankin da ake kira zirin sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha. Cutar takan ɓarke ne lokacin zafi, kafin saukar damina, kuma kurumta na cikin manyan illolin da take bar wa waɗanda suka tsira.

A shekarar 1996 an yi annobar sanƙarau mafi muni a tarihin Najeriya, inda fiye da mutane 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 kuma suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A shekarar 2017 wani nau'in cutar ya sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da Katsina da wasu jihohin.

An fara amfani da allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar a shekarar 2010, Najeriya kuma ta bi sahu a 2011, abin da ya kusan kawar da nau'in cutar da ya fi haddasa annoba a da. A shekarar 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kariya daga nau'o'i biyar.

Likitoci na ba da shawarar a gwada jin duk wanda ya tashi daga sanƙarau ba tare da ɓata lokaci ba. Dalili shi ne cutar kan sa katantanwar kunne ta fara rikiɗa zuwa ƙashi cikin makonni ko watanni, kuma idan hakan ta faru, dasa na'ura a ciki yakan yi wuya.

Ƙyanda da hangum su ma suna kurumtarwa, hangum galibi a kunne ɗaya. Akwai kuma rubela, wata cuta mai kama da ƙyanda wadda ba ta cika wahalar da manya ba, amma idan ta kama mace a farkon ciki, ana iya haifar jaririn kurma.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, shi ma yana taɓa ji. WHO ta ce kimanin kashi 25 cikin 100 na majinyatan da suka warke kan sami kurumta, kuma rabinsu jin kan dawo musu wani ɓangare bayan wata 1 zuwa 3.

Magungunan da ke taɓa ji

Wasu magunguna masu ceton rai suna iya kashe ƙwayoyin kunnen ciki idan aka yi amfani da su fiye da kima ko aka daɗe ana yi. Waɗanda suka fi shahara su ne alluran gentamicin, da streptomycin, da amikacin, da kanamycin. Haɗarin ya fi yawa ga jarirai, da tsofaffi, da masu ciwon ƙoda.

A shekarar 2018 WHO ta cire kanamycin da capreomycin daga jerin magungunan da take ba da shawarar a yi amfani da su wajen tarin fuka mai bijire wa magani.

Kwinin da asfirin mai yawa sukan sa kunne ya riƙa ƙara, amma galibi abin yakan wuce idan aka daina sha. Maganin cutar daji na cisplatin kuwa illarsa takan dawwama.

Matsalar a biranen arewacin Najeriya ita ce yadda ake samun irin waɗannan allurai cikin sauƙi, a yi wa yaro ba tare da an auna nauyinsa ba. Duk wanda ke karɓar allura ya fara jin ƙara a kunne, ko jiri, ko raguwar ji, ya kamata ya sanar da likita nan take.

Ƙarar wurin sana'a

Kaduna gari ne mai tarihin masana'antu. Tun daga shekarar 1957 da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, dubban mutane suka yi rayuwarsu a tsakanin injinan saƙa, kafin akasarin masaƙun su durƙushe a shekarun 2000. A duk faɗin duniya, ɗakin saƙa na cikin wuraren aiki mafi ƙara.

A yau waɗanda suka fi fuskantar haɗarin su ne masu ƙananan sana'o'i: masu injin niƙa da markaɗe, da maƙera da masu walda irin na kasuwar Panteka, da masu yankan katako, da masu fasa dutse, da masu kiɗan biki, da duk mai shagon da janareto ke ruri a bakin ƙofarsa tun safe har dare.

Illar ƙara sannu a hankali take shiga, ba kuma tare da ciwo ba. Alamar farko ita ce mutum ya tashi daga aiki kunnensa na ƙugi ko ya ji shi a toshe, kashegari ya washe. Idan aka yi shekaru a haka, sai ya daina washewa.

Matasa ma ba su tsira ba. WHO ta ce matasa fiye da biliyan 1 ne ke cikin haɗari saboda yadda suke ƙure sautin waya a kunnensu da kuma zuwa wuraren kiɗa. Ta ba da shawarar kada sautin ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar.

Najeriya na da dokokin taƙaita hayaniya na shekarar 2009, waɗanda hukumar NESREA ke da alhakin aiwatarwa, kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda aiki ya lalata wa ji. Amma akasarin masu sana'ar hannu kansu suke yi wa aiki, don haka kariyarsu na hannunsu. Robar toshe kunne ba ta da tsada, kuma tana rage ƙara sosai idan aka sa ta daidai. Auduga ba ta yin wannan aiki.

Tsufa da ƙarar kunne

Fiye da kashi 25 cikin 100 na mutanen da suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai tsanani, in ji WHO. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "sh" da "f" da "ts", shi ya sa dattijo kan fi jin muryar namiji a kan ta mace ko ta jikansa. Hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba suna gaggauta lamarin, kuma masu cutar sikila ma sun fi saura fuskantar matsalar ji.

Dattijon da ba ya ji yakan janye daga majalisa da hira. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya sanya raunin ji cikin abubuwan da ke da alaƙa da cutar mantuwa waɗanda kuma ake iya magancewa. Yi masa ihu ba ya taimakawa. Abin da ya fi shi ne a fuskance shi, a wuri mai haske, a yi magana a tsanake.

Jin ƙara ko fito a cikin kunne alhali babu abin da ke ƙara a waje, abu ne da ke samun kimanin mutum 1 cikin manya 7. Yawanci ba alama ce ta mugun ciwo ba. To amma idan a kunne ɗaya ne kawai, ko yana bugawa daidai da bugun zuciya, ana buƙatar bincike.

Wanda kuwa ya wayi gari kunnensa ɗaya ya ɗauke ɗif ba tare da ciwo ba, to ya ɗauki abin a matsayin na gaggawa. Maganin da ake bayarwa ya fi aiki a kwanakin farko, kuma amfaninsa yana raguwa matuƙa bayan makonni 2.

Jarirai

Ana iya haihuwar yaro da kurumta ta hanyar gado, ko da iyayensa duka suna ji, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar hakan a zuriyar da ke ɗauke da ita. Haihuwar bakwaini, da doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi, da shawara mai tsanani a makon farko, su ma suna cikin dalilai.

Akwai wata 'yar na'ura da ke gwada jin jariri cikin 'yan mintoci yana barci. Ƙa'idar da ƙasashe da dama ke bi ita ce a yi gwajin kafin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. A Najeriya, binciken da Dakta Bolajoko Olusanya ta jagoranta a Legas a tsakiyar shekarun 2000 ya nuna cewa ana iya yin gwajin a wuraren allurar rigakafi, inda iyaye mata suka saba kai 'ya'yansu.

Inda babu na'ura, idon uwa ne ma'auni. Jariri ya kamata ya razana idan ƙofa ta buga, ya juyo wajen murya a wata 6, ya fara gwaranci kafin wata 9, ya furta kalma ɗaya ko biyu a shekara 1, ya haɗa kalmomi biyu a shekara 2. Jiran cewa wane ma ya yi jinkirin magana yana cinye shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon harshe.

Inda ake samun taimako

Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke kusa da titin Independence Way a Kaduna tana duba cututtukan kunne da hanci da maƙogwaro, tana gwajin ji da tiyata, tana kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya. Akwai sassan kula da kunne a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da asibitin koyarwa na Aminu Kano. Mazauna Unguwar Mu'azu na iya farawa daga cibiyar lafiya ta matakin farko ko babban asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, inda za a tura su gaba idan akwai buƙata.

Ana iya yi wa dodon kunnen da ya huje faci ta hanyar tiyata. Na'urar ƙara ji kuwa ana saita ta ne daidai da sakamakon gwajin kowane mutum, don haka wadda aka saya a kasuwa ba tare da gwaji ba tana iya ƙara ɓarna. WHO ta ce kashi 17 cikin 100 kacal na masu buƙatar na'urar ne ke amfani da ita a duniya.

Ga wanda kurumtarsa ta yi nisa, akwai na'urar da ake dasawa cikin katantanwar kunne ta riƙa aika saƙo kai tsaye ga jijiya. Farfesa Graeme Clark na Ostareliya na cikin waɗanda suka fara dasa irinta, a shekarar 1978. Tsadarta da buƙatar dogon horo bayan tiyata sun sa ƙalilan ne ke samunta a Afirka. A shekarar 2024 kuma masu bincike a China da Amurka da Birtaniya suka ba da rahoton dawo da ji ga wasu yara ta hanyar gyaran ƙwayoyin gado, amma a wani nau'in kurumta guda da ba kasafai ake samunsa ba.

Rashin ji ba rashin harshe ba ne. Kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu mai ƙa'idoji, wadda wata masaniya 'yar Jamus, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta kuma wallafa littafi a kanta a shekarar 2000. Makarantar Tudun Maliki da ke Kano tana koyar da kurame tun 1977. A watan Janairun 2019 kuma shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Najeriya.

WHO ta yi hasashen cewa nan da shekarar 2050 masu matsalar ji za su kusan kai biliyan 2.5. Tun daga shekarar 2007 aka ware ranar 3 ga watan Maris ta kowace shekara domin wayar da kan jama'a game da lafiyar kunne.